Da Goyo Zuwa Damagaram

Tun da muka dawo ba ku bar ni na huta ba. A gidan suna Damagaram, a wajen daka Damagaram, jiya har bayan ɗaki Kande ta biyo ni ina shanya, wai in gaya mata ko da gaske burodinsu ya kai tsawon taɓarya. To yau ga ku duka a tsakar gida ɗaya, ga gyaɗa a gabanmu. Ku yi ta ɓara ina ba ku labari. Wadda ta katse ni ita za ta share ɓawon.

Saboda amaryar gidan Liman da ba ta daɗe a Toranke ba, bari in fara daga tushe. Gwaggo Tabawa yayar mahaifina ce. Tun ba a haife ni ba wani majemi ya aure ta ya tafi da ita Damagaram, can ta hayayyafa, can mijin ya rasu. Sau ɗaya na taɓa ganinta, a zaman makokin Baba. Bara idonta ya rufe. Sai ta aiko ta bakin wani mai kawo kanwa kasuwar Ajingi, ta ce ta ji an mayar wa ɗan'uwanta suna, tana so ta taɓa yaron da hannunta tun tana da sauran kwana.

Yaron nan kuwa kun san yadda muke da shi. Ɗan fari ne, ga sunan mahaifina a kansa. Ban taɓa kama sunansa ba, ko Abban da kuke ce masa. Tun da aka yaye shi Iya, mahaifiyar maigidana Malam, ta ɗauke abinta. A ɗakinta yake kwana, a kwanonta yake ci. In ya faɗi a gabana sai in kau da kai in jira wani ya ɗaga shi. Haka muka tarar ana yi, haka nake yi.

Da Malam ya kai wa Iya maganar tafiya, cewa ta yi, "Yaro ɗan wannan? A mota? Har ƙasar Faransi?" Ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata sai da ka. Amma ranar tafiya ita da kanta ta ɗora min shi a baya, ta ɗaure zanin, ta ja majanyin ta ga ya kama. Ƙafarsa kawai ta riƙe, ta daɗe, sannan ta saki.

Ranar kasuwar Ajingi muka fita, da sassafe, ni a kan jakin maƙwabta, Malam a ƙasa da ƙunshin kaya a ka. An gama cire gyaɗa, gonaki sun yi fili, raɓa ba ta bushe ba. Nauyin yaron a bayana wani iri na ji shi, don rabona da goya shi tun kafin yaye. Ya ƙara nauyi, ƙafafunsa sun sauko har cinyata. Yana ta magana shi kaɗai. Duk abin da ke da ƙafa huɗu a wajensa akuya ne, kuma bai iya faɗa duka ba. Ya ga saniya ya ce, "Kuya." Ya daki jakin da muke kai da diddige ya ce, "Kuya, tafi."

A Ajingi muka sami babbar mota da ta yi lodin gyaɗa. A kan buhuna muka zauna. Da aka tayar da ita ya ƙanƙame ni, na ce yanzu zai tsala ihu. Sai na ji ya kwantar da kunnensa a bayana yana bin kukan motar da bakinsa, uuu, har Gaya. Sautin yana ratsa ni ta ƙashin baya, kamar ni ce motar.

A Gaya aka sauke mu jiran ta Kano. Muka zauna a gindin wata tsamiya kusa da wani tsoho da yake dama furarsa. Ban ankara ba yaron nan ya je ya tsoma hannu har gwiwar hannu a ƙwaryar mutum. Na miƙe a guje ina ba da haƙuri.

"Ƙyale shi, 'yata," in ji tsohon. "Tun safe nake neman abokin sha."

Suka sha tare, ludayi ɗaya ga tsoho, ɗaya ga yaro. Da ya ƙoshi sai ya tafi wajen Malam, ya hau cinyarsa, ya dube shi ido cikin ido, ya saki fitsari a kan farar rigar da aka wanke aka buga musamman don wannan tafiya. Malam bai motsa ba har ya gama. Shi ma kun san kunyar ɗan fari yake yi, ba zai yi masa faɗa a gaban mutane ba, ba zai kuma yi dariya ba. Sama kawai ya kalla ya ce, "Alhamdu lillahi."

Kano ba zan ɓata muku lokaci a kanta ba, da yawanku kun je. A gadar Wudil yaron nan ya hango kogi ya kama tuɓe riga wai wanka. Da ya ga dalar gyaɗa ya ce, "Tuwo!" har mutanen motar suka yi ta dariya. A Fagge muka sauka, gidan wani mutumin ƙauyen Balan da ke saukar da 'yan garinmu. Matarsa ta ba mu shinkafa da miyar taushe, ta shimfiɗa mana tabarma a ɗakinta. Da magariba ta kunna lantarki. Yaron nan ya tsaya a ƙarƙashin ƙwan, ya cika kumatu yana hura shi, wai ya kashe kamar yadda Iya take kashe aci-balbal. Ya hura har ya gaji ya zauna daɓas. Washegari kuma famfo ya gano. Kafin in gama sallah ya mayar musu da tsakar gida tafki.

Motar Daura ita ce ta haɗa ni da Hajiya mai atamfa. Ban san sunanta ba har muka rabu. Mace ce mai jiki, da haƙorin Makka, kuma da na zauna kusa da ita na gane rabin jikin nan ba nata ba ne, turamen atamfa ne ta naɗa a ƙugu don kada a gani a kan iyaka. Gumi take yi kamar an watsa mata ruwa. Ta daɗe tana kallonmu, yaron yana jan ɗankwalina ni kuma ina kallon waje.

"Ke, ɗan kishiya ne?"

Na ce, "A'a, Hajiya. Na fari ne."

Ta dubi gaba, inda maza suke, ta dubi baya. "To a nan wa ya san ki? Surukarki tana cikin motar nan ne?"

Na yi dariya na sunkuyar da kai. Amma maganar ta zauna min. Bayan mun wuce Kazaure rana ta yi sama, kowa ya fara gyangyaɗi, har Hajiyar. Sai na juyo da shi cinyata. Wallahi ranar na fara kallon fuskar yaron nan yadda nake so, ba sata ba. Ashe yana da ɗan baƙin tabo a bayan kunne. Ashe girarsa ta Baba ce, ta hagu ta fi ta dama ɗagawa. Na kama yatsun ƙafarsa ina wasa da su, ya yi dariya, na yi sauri na rufe masa baki da tafina, ya lashi tafin. Mota tana lilo da mu, itatuwa suna wucewa a hankali, kansa yana ƙanshin man shanu da rana. Ban san lokacin da barci ya kwashe mu tare ba. Ko a barcin ina jin motar, ina jin numfashinsa a wuyana, na rasa gane wanne ne mafarki wanne ne hanya.

A Daura muka kwana a rumfar tasha, mata gefe maza gefe, sauro ya yi bikinsa a kanmu. Da hantsi muka isa kan iyaka. Ni na zaci katanga zan gani ko kogi. Ashe sanda ce kawai aka gitta a kan durom biyu, karan gero a wannan gefe, karan gero a wancan. Jandarmominsu gajeren wando suke sawa, manya da su, da hula kamar an kifa tukunya. Ɗaya ya zo yana duba dantsen kowa ya ga ko an yi masa lambar rigakafi. Na nuna nawa, na ɗaga hannun rigar yaron. Shi kuwa da ya ga ana son ganin jikinsa sai ya yaye rigar gaba ɗaya ya nuna cibiya. Jandarman ya ƙyalƙyale da dariya, ya yi wani yare da hanci, ya wuce. Dariyar ce ta sa bai ko kalli Hajiya ba. Da muka koma mota ta ciro goro ta danƙa min, ta ce, "Ɗan nan naki mai albarka ne."

Muna tashi sai direba ya karkata motar ya koma hannun dama. Ga wata babbar mota ta taho. Malam ya miƙe tsaye yana salati da ƙarfi, yana dukan ƙarfen mota, wai direba ya yi barci. Mutane suka yi ta riƙe shi. Ashe a can haka ake tuƙi, dama suke bi, ba hagu kamar mu ba. Har muka isa bai saki ƙarfen nan ba.

A Matamaye ƙafar mota ta fashe, muka yi zaman jira. Nan na ga burodin da Kande take tambaya. Bai kai taɓarya ba, amma ya kai muciya, ga tauri, in kika gatsa sai dasashinki ya gaya miki. Malam ya sayo ɗaya. Yaron nan ya karɓa, ya dube shi, ya sa shi tsakanin ƙafafu ya hau sukuwa kamar dokin kara. Wasu Buzaye suna dafa shayi a gefe, fuskokinsu a naɗe, mazan ne ke rufe fuska matan kuwa a buɗe, ku ji wannan. Suka miƙo wa Malam a ɗan kofi kamar na wasan yara. Ya kurɓa ya ce ɗaci kamar maɗaci, amma kunya ta sa ya shanye, suna ganin ya shanye suka ƙaro. Raƙuminsu yana durƙushe a bayansu. Yaron ya je gabansa ya tsaya, ya ɗaga kai, ya ƙara ɗagawa har ya kusa faɗuwa ta baya. A hankali, kamar mai tsoron kada ya ji, ya ce, "Kuya."

Damagaram gari ne a cikin duwatsu, manya-manya, masu santsi, kamar giwaye sun kwanta an yi gini a tsakaninsu. Da yamma muka shiga, hasken rana ya yi ja a kansu. Yaya Isa, ɗan Gwaggo, shi ya tarye mu a tasha. Masinja ne a wani ofis, yana da ɗan babur da suke kira mobilet. Muna tafe wani ya ɗaga masa hannu ya ce, "Mushe Isa!" Malam ya tsaya cak, ya ce wane irin zagi ne wannan, mutum da ransa a ce masa mushe? Yaya Isa ya yi dariya har da hawaye. Wai a bakinsu girmamawa ce, kamar mu ce malam.

Gwaggo tana zaune a ƙofar ɗakinta a kan buzu. Ta tsufa ƙwarai, idanun sun yi fari. Na durƙusa na gaishe ta, ta shafa kaina, amma hannun bai zauna ba.

"Dije, ina yake?"

Na tura shi gabanta. Na zaci zai gudu, don ba ya yarda da baƙo. Sai ya tsaya. Ta fara daga ka, ta bi goshi, ta tsaya a girar nan.

"Adamu," ta ce. "Kai ne ka dawo ƙarami haka? Ni da na goya ka, ga shi ka sake zuwa in goya ka."

Shi kuwa ya sa yatsa yana taɓa idonta, ya ce, "Bacci?"

"Barci nake, ɗan'uwana. Amma ina jin ka."

Zaman da muka yi a gidan nan, in na tuna shi yanzu, kamar rana ɗaya ce doguwa da ba ta faɗi ba. Ruwa ne wahalarsu, saye ake yi, da 'yar ƙwarya mutum zai yi wanka. Tuwonsu na gero ne kamar namu, sai dai suna da wani abu tukuɗi, gero da dabino da cuku a daka a dama, in kika sha da safe har la'asar ba za ki nemi komai ba. Cukun kuwa nono ne suka busar ya zama kamar fatar takalmi. Yaron nan ya wuni yana tsotsar guda. Matan gidan suna dariyar Hausata, wai Kananci kamar ana tauna ƙashi, ni ma ina dariyar tasu.

Ba wanda ya san ni a can balle ya sa min ido. Ni nake masa wanka, ni nake ba shi abinci, in ya ƙi ci in ce ga loma ta kuya, sai ya buɗe baki. Ranar da takalminsa ɗaya ya ɓata ya yi birgima a ƙasa kamar an yanka shi, daga baya muka tsince shi a cikin tukunyar miya, shi ya saka. Da safe yakan kama yatsan Gwaggo ya ja ta zuwa inda rana take, ya ce, "Zauna." Ta zauna. Da azahar a ƙirjina yake barci, bakinsa a buɗe, tattabarun maƙwabta suna kuka a kan katanga, ƙanshin bagaruwar majema yana shigowa da iska. Sai in ji kamar ba ni da wani gida a duniya sai inuwar nan.

Ana jibi za mu taho abin ya faru. Da safe ya ƙi tukuɗin, jikinsa da ɗan ɗumi. Na ce gajiya ce. Da azahar ɗumin ya zama zafi, na lulluɓe shi da zani na kwantar. Bayan la'asar ya tashi ya fito, har ya ɗauki ludayi yana buga ƙwarya, na ce to ya ji sauƙi. Ina tsince shinkafa sai na ji bugun ya tsaya.

Na ɗago. Yana tsaye, ludayin a hannunsa, yana kallon wani abu a sama da ba kowa ke gani ba. Sai ya tafi ta baya gaba ɗaya kamar an sare kara.

Kafin in kai gare shi jikin ya sandare. Idanun sun juye sai fari, haƙora sun datse, hannu da ƙafa suna fizga. Kumfa a gefen baki. Leɓensa ya fara canza launi. Na ɗauke shi, zafinsa kamar na ɗauki dutsen murhu.

Ban san na yi ihu ba, amma gidan ya cika. Wata ta ce a kawo cokali a sa masa a baki. Wata ta kawo tsumma da garwashi za ta yi masa hayaƙi. Wata tana ƙara lulluɓa masa bargo. Malam ya shigo daga zaure ba hula, ya dafa kansa yana karanto addu'a. Duk ina ganinsu, amma kamar daga ƙarƙashin ruwa. Muryar Gwaggo ce kaɗai ta iso ni.

"Ku ba shi iska! Isa! Ina Isa? Ɗauke su a babur ɗin nan ka kai su likita, yanzu!"

Ban taɓa hawa babur ba. Ban san yadda na hau ba. Na san dai ina rungume da shi tsakanina da bayan Yaya Isa, mayafina ya tafi da iska ban waiwaya ba. Duwatsun nan suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar ba gudu muke ba. Wani mai tallan dabino ya bi mu da kallo. Na ga wata yarinya tana tsallen igiya. Na yi mamakin yadda har yanzu ake tsallen igiya a duniya. Fizgar ta tsaya a hanya, jikin ya saki, kansa ya langaɓe a hannuna. Wannan ya fi fizgar ban tsoro. Na ce a raina, me zan je in ce wa Iya? Sai kuma na ce, ni fa? Ni wa zai ce wa wani abu?

Wata ma'aikaciya ce ta karɓe shi, Bahaushiya, doguwa, da farar riga iya gwiwa, ana ce mata Madam. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta warware bargon ta jefar, ta cire masa riga, ta kwantar da shi a kan gefensa tsirara. Ta sa aka kawo ruwa a daro, ta tsoma tsumma ta fara shafe shi.

Na riƙe hannunta. "Zazzaɓi yake, za ki sa masa ruwa?"

"Zafin ne ya hau masa kai," ta ce. "Shi za mu sauke. Karɓi wannan, ki shafa wuya da hammata. Kar ki tsaya."

Na karɓa. Ruwan ba mai sanyi ƙarara ba ne, ba kuma mai ɗumi ba. Muka yi ta shafawa, ita ta wannan gefe ni ta wancan. Ta yi masa allura a cinya, ko motsi bai yi ba. Ƙirjin dai yana ɗagawa, kaɗan-kaɗan, idona yana kansa.

"Yi masa magana," ta ce. "Muryarki ya sani. Kira shi."

Na buɗe baki na ce, "Kai. Kai, yaron nan."

Ta dube ni. "Ba shi da suna ne?"

Malam ya iso a lokacin, a ƙafa ya biyo mu da gudu, takalmi ɗaya a ƙafarsa, yana tsaye a bakin ƙofa yana haki. A gabansa, a gaban Yaya Isa, na sa bakina a kunnen yaron nan na kira shi. Na kira wanda kuke kiransa da shi, na kira na yankan ma. Na yi ta kira. Ban san bakina ya iya sunan nan haka ba.

Ba zan ce muku kiran ne ya tashe shi ba, Allah ne, ga kuma ruwa da allura. Amma can sai fatar idonsa ta motsa. Ya buɗe, baƙin ya dawo wurinsa. Ya dube ni kamar wanda ya dawo daga gari mai nisa bai gane gida ba. Sannan ya taɓe baki ya fashe da kuka. Ban taɓa jin abu mai daɗin kukan nan ba. Malam ya juya ya fuskanci bango.

Madam ta ce zazzaɓin sauro ne, in ya yi zafi da yawa yakan yi wa yara haka, ba iska ba ce, ba kuma farfaɗiya ba. Ta ce in ya sake, kada a sa masa komai a baki, kada a rufe shi, a kwantar da shi a gefe, a yi ta shafa ruwa, a nufi asibiti. Sannan ta kawo wani magani kamar ƙwallon dabino. Na karɓa zan ba shi a baki, ta riƙe hannuna tana dariya. Ku matso, ba zan ɗaga murya ba. Ta ƙasa ake sa shi. Wallahi. Haka Faransawa suka koya musu. Malam da ya ji ya ce shi dai ko mutuwa zai yi a mayar da shi Gaya.

A can muka kwana. Da gari ya waye ya nemi tukuɗi, ya sha, ya zubar da rabi a jikina. Muka ƙara kwanaki a gidan Gwaggo har ƙafarsa ta yi ƙarfi. Ranar da za mu taho ta sa aka ɗora mata shi a baya, ta zagaya tsakar gida da shi tana dafa bango, sannan ta ce in karɓa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Na goya. Ku tafi."

Dawowar ba ta da labari. Hannuna yana kan goshinsa tun daga Damagaram har Ajingi.

Mun shigo Toranke da yamma. Iya tana bakin ƙofa, kamar tun ranar da muka tafi take tsaye a wurin. Ta kwance shi daga bayana, ta ɗaga shi sama, ta sauke. A hanya mun shirya da Malam ba za mu tayar mata da hankali ba. Amma ta auna shi a hannu ta ce, "Ya yi ciwo." Ba tambaya ba ce.

Bayan Malam ya fita masallaci na shiga ɗakinta na gaya mata komai, ban rage ba. Yaron yana barci a cinyarta. Ta saurara ba ta katse ni ba.

"Malam ba shi ne na farina ba," ta ce. "Akwai wani kafin shi. Kamar wannan yake, ya fara gudu. Da yamma ne shi ma. Muka rufe shi da duk zanin da ke ɗakin, muka yi masa hayaƙi. Ni ina bakin ƙofa, ban shiga ba, mutane sun cika ɗakin, kunya ta hana ni."

Shekarata nawa a gidan nan ban taɓa jin wannan ba.

Ta kwantar da shi a hankali a kan gado, ta miƙe, ta je wajen randa. Ta buɗe faifan, ta ɗebo ruwa a moɗa, ta tsoma yatsunta.

"Kamar wannan?"

Na taɓa. Na ce, "Ya ɗan fi wannan ɗumi, Iya."

Ta ɗauko butar da ta wuni a rana ta ƙara kaɗan, ta juya da hannu, ta miƙo min. Na taɓa na ce haka ne. Ta gyaɗa kai. Ta daɗe a tsaye da moɗar, hannunta a cikin ruwan.